Hannun Baba Tanko

Tun ranar da yaran nan masu situdiyo suka zo daga Kano suka ɗauke ni hoto a ƙofar gida, na lura bakinku ya buɗe. Duk inda aka zauna sai in ji ɗayanku yana cewa ai babanmu ne ya fara kiɗan lantarki a ƙasar Wudil tun ba a haifi masu yin sa yanzu ba. Har 'yar'uwarku Hadiza, wadda ko rediyo na kunna sai ta ce na cika mata kunne, ita ma ta shiga sahu. To ku saurara. Ba ƙarya kuke yi ba, amma rabin magana kuke faɗa, kuma rabin da kuka bari ya fi nauyi. Mu biyu ne muka yi abin nan, ɗayan kuwa ko sunansa ba ku sani ba, saboda ni na ɓoye muku shi don kunya. Yanzu na kai shekarun da kunyar ba ta tsinana mini komai, shi ya sa na ware masa wannan babi.

A shekarun da kuɗin mai ya shigo ƙasar nan ina da shagon gyaran rediyo kusa da tasha, ana ce mini Sani Rediyo. Lokaci ne da kowa ya haukace da sayen kaya. Manomi ya sayar da sa ɗaya ranar Juma'a, ya koma gida da rikoda a kafaɗa ko kunna ta bai iya ba. Motocin siminti ba sa yankewa a kan gada. Aiki ya yi mini yawa har ina korar wani, ga ni da ƙuruciya, ga rawar kai, ga aure sabo da mahaifiyarku. A cikin wannan hali ne wani direba ya kawo mini rediyon da ta lalace, wadda in ka murɗa ta ba ta kama tasha sai dai ta yi wani irin fito, ya hau sama ya sauko yadda hannunka ya juya. Maimakon in gyara masa, sai na zauna ina wasa da ita har azahar. Daga baya na ba shi wata rediyon, na farke tasa, na kwashe kayan cikin na dasa su a akwatin katako, na sa masa maɓallin murɗawa babba da lasifika. Ba wanda ya koya mini, kuma ban san ana yin irin wannan a wata ƙasa ba. Ni dai na ga abu yana kuka yadda na so, sai na bi shi.

Ranar da na kai akwatin gida, Inna, kakarku, tana tankaɗe a tsakar gida. Na kunna, na murɗa. Ta ajiye rariya ta dube ni.

"Kai wannan, mutum ma an hana shi fito a cikin gida, kai kuma ka je ka koya wa akwati? Fitar mini da shi kafin ka tara mana abin da ba mu gani."

"Inna, ilimi ne fa."

"Ilimin ya tsaya a tasha. Kuma ka ji da kyau, mu gidan nan ba maroƙa ba ne."

Mahaifiyarku tana ɗaki tana dariya ƙasa-ƙasa. Haka akwatin ya koma shago, kuma a shagon ne Baba Tanko ya same shi.

Baba Tanko makaɗin kalangun mahauta ne, mutumin Ɗankaza, kuma a lokacin ya kusa sa'an mahaifina. Gajere ne, baƙi, mai ƙaramin gemu, ba ya son doguwar magana. Duk Juma'a yakan shigo kasuwa ya yi wa mahauta kiɗa a rumfunansu, kamar yadda ubansa da kakansa suka yi. Wata Juma'a da hantsi ina murɗa akwatina a bakin shago, sai na ji kalangu daga tsallaken titi ya maimaita daidai abin da na yi. Na ɗauka dacewa ce. Na sake murɗawa, na kai sama na sauko a hankali. Kalangun ya bi ni, har da ɗan ƙari a ƙarshe kamar mai tsokana. Na ɗaga kai na ga dattijo tsaye da kalangu a hammata, fuskar nan a murtuke kamar ba shi ya yi ba. Muka yi ta yi, ni in faɗa shi ya amsa, har mutane suka tare hanya, wani mai lodin shanu ya sauko yana zagi. Da muka tsaya ya tsallako, muka gaisa gaisuwa mai tsawo, ya tambayi gidanmu da iyayena, sannan ya nuna akwatin da makaɗinsa, wato sandar da yake buga kalangun da ita.

"Ɗan nan, wannan abin naka yana da murya, amma bai san abin da yake faɗa ba."

"To Baba, ko za ka koya masa?"

"Shi ba zai koyu ba. Kai dai wataƙila."

Daga nan muka fara. Duk Talata yakan zo da hantsi mu shiga bayan shago mu yi ta fama har la'asar. Shi ya nuna mini cewa kalangu magana yake yi, kuma kowane babban mahauci yana da takensa, wato kiɗan da yake nasa shi kaɗai, wanda da ya ji ya san da shi ake. Ya ce in mai take ya shigo wuri, makaɗi yakan bar duk abin da yake yi ya buga masa, shi kuma mai taken ba ya zama sai an kai ƙarshe. Na ji wannan magana da kunnena, ba sau ɗaya ba. Ina so ku riƙe wannan, don kada wani ya ce rashin sani ne ya sa na yi abin da na yi.

Cikin 'yan watanni muka zama abin kallo. Aka fara kiranmu biki, mu ɗora lasifika da batiran mota a amalanke mu tafi Achika, mu tafi Darki. Tsofaffi suna zuwa don kalangu, samari suna zuwa don akwati, kowa ya koma yana ba da labari. Ba a taɓa jin irin wannan haɗi ba, kuma har yau in na tuna wasu ranakun sai tsigar jikina ta tashi. Inna ta daina yi mini maganar, sai dai in na dawo ta ce, "Sannu da roƙo." Mahaifiyarku kuwa ita ke dama wa Baba Tanko fura duk Talata, shi kuma yana kiranta 'yata.

Abin ya fara canzawa ne da na sayi fiyano. Wani malamin makaranta Ba'indiye zai koma ƙasarsu ya sayar mini da ita, ƙarama, mai aiki da lantarki. A jikinta akwai wani maɓalli da in ka danna sai ta riƙa buga ganga da kanta, bugu ɗaya, ba ya sauri ba ya jinkiri, har sai ka kashe. Ni wannan ya tafi da hankalina. Na ga kamar na sami makaɗin da ba ya gajiya. Baba Tanko ya saurara na ɗan lokaci, ya girgiza kai.

"Wannan gangar ba ta da ido."

"Ido kuma, Baba? Me ganga za ta yi da ido?"

"Makaɗi ƙafar mutane yake kallo. In mai rawa tsoho ne ka jira shi. In wani ya shigo ka san ya shigo. Wannan ko gobara ta tashi ba za ta sani ba."

Na yi dariya na ce ai zamani ne. Na matsa masa lamba, ya haƙura ya riƙa bin bugun fiyanon, ko da yake na san yana jin abin kamar an ɗaure masa ƙafa. Wata Talata kuma, ban san me ya faru ba, sai komai ya zauna. Gangar fiyano tana tafiya, akwatina yana kuka, kalangu yana shiga tsakaninsu yana fita kamar kifi a ruwa. Allah ya sa na kunna babbar rikodata mai zare, na ɗauki kusan rabin sa'a. Na mayar masa ya saurara har tef ya ƙare. Bai taɓa jin kansa ba sai ran nan. Abin da ya ce kawai shi ne, "Ashe haka nake," ya ɗauki hularsa ya tafi.

Bayan girbi ƙungiyar direbobi ta shirya babban wasa a fili kusa da kogi, bayan la'asar, aka ce mu ne za mu yi. Aka kawo janareto, aka kafa rumfa, aka jera lasifika huɗu manya waɗanda na aro daga Kano. Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne wani ma'aikacin gidan rediyo da ya zo takanas don ya ji mu, mai tabarau da wando mai faɗin ƙafa. An gaya mini in abin ya burge shi zai sa mu a rediyo, wataƙila ma a kai mu Legas. Na kwana uku ina goge wayoyi. Na ɗauko tef ɗin nan na ɗora a rikoda kusa da ni, da niyyar in ba shi ya ji bayan an tashi. Kafin mu fara na ja Baba Tanko gefe.

"Baba, don Allah yau kada a saki bugun fiyano. Ko me ya faru, a bi shi."

Ya dube ni, ya juya ya ci gaba da gyara kalangunsa.

Muka fara lafiya. Fili ya cika har kan motoci, mata a gefe guda, yara a gaba cikin ƙura. Na saci kallon mai tabarau na ga yana kaɗa ƙafa. Muna tsakiyar kiɗan da muka fi iyawa sai mutane suka dare ta gefen hagu, wani tsoho ya shigo yana dogara sanda, mahauta biyu suna biye da shi. Alhaji Mamman ne, dattijon mahautan garin, wanda ya daɗe ba ya fita saboda ciwon ƙafa. Don Baba Tanko kaɗai ya fito. Ya zo gaban rumfa ya tsaya, aka kawo masa kujera ya ƙi zama. Ni na san abin da yake jira, kowa ma ya sani. Baba Tanko ya juya gare shi, ya saki bugun fiyano, ya shiga taken Alhaji Mamman, a hankali, da nauyi, daidai tafiyar tsoho.

Abin da ya kamata in yi bai fi ƙiftawar ido ba. In danna maɓalli in kashe gangar fiyano, a bar kalangu ya gama, tsoho ya zauna, mu ci gaba. Yatsana yana kan maɓallin. Amma gangar da kalangun sun riga sun sarƙe, sautin ya zama hayaniya, na ga mai tabarau ya daina kaɗa ƙafa ya yamutsa fuska. Sai zuciyata ta ce mini tsohon nan zai ɓata maka ranarka. Na kashe gangar, na kuma kashe makirufon Baba Tanko, na kunna tef.

Lasifika huɗu suka ɗauka da kiɗan ranar Talatar nan, tsaf, ba kuskure ko ɗaya. Samari suka yi ihu suka koma rawa. Shi kuwa Baba Tanko yana ta bugun take, ba mai jin sa, don ƙaramin kalangu ba ya ja da lasifika huɗu. Na ga lokacin da ya gane. Ya karkata kai yana saurare, ya ji kalangunsa yana fita daga sama yana faɗin abin da hannunsa ba ya faɗa. Ya ɗaga makaɗi sama ya riƙe. Kiɗa bai tsaya ba. Ya sauke kalangun daga hammata ya ajiye a kan tabarma, ya harɗe hannuwa. Kalangu yana ta zuba a lasifika. Sai wani daga kan mota ya ƙwala ihu.

"Kai jama'a! Ashe ba shi yake yi ba! Akwati ne!"

Fili ya ɗauki dariya. Wasu har da faɗuwa. Alhaji Mamman yana nan tsaye a kan ƙafarsa mai ciwo, an bar takensa a rabi a gaban duk garin. Ya daɗe a haka, sannan ya juya, mutanensa suka riƙe shi suka fita. Baba Tanko ya ɗauki kalangunsa ya bi bayansu, bai dube ni ba. Ni kuma, Allah ya yafe mini, na ci gaba da murɗa akwatina har tef ya ƙare, don mai tabarau yana tafi.

Da na koma gida labari ya riga ni. Mahaifiyarku ta ajiye mini abinci, ta jira na wanke hannu, sannan ta yi magana.

"Malam, gobe da sassafe ka tafi Ɗankaza."

"In yi me? Shi ya saki kiɗa. Na roƙe shi tun kafin a fara."

"Ka roƙe shi ya bar tsoho a tsaye? Mutumin da yake ce mini 'yata ka sa aka yi masa dariya."

Inna daga ɗakinta ta ce, "Bar shi. Ai ya zama ɗan birni."

Na yi fushi na bar abincin. Ban je ba washegari, ban je ba mako mai zuwa. Mai tabarau ya aiko mini in zo Kano ni kaɗai da fiyano da akwati, na tafi. Aka sa ni a rediyo, na yi wasa a otal-otal da gidajen biki na masu kuɗi, aka riƙa nuna ni ana cewa ga mai kiɗa ba makaɗa. Sunan da kuke taƙama da shi yau a wannan watannin na same shi. Duk Juma'ar da na dawo Wudil sai in ji ƙarin labari. An ce yara suna bin Baba Tanko a kasuwa suna ce masa ina akwatin. An ce wasu mahautan sun ce dama can sun yi zargi, mutumin da suka sha kiɗansa shekara talatin. An ce ya daina shigowa kasuwa. Kowane labari na ji sai in ce mako mai zuwa zan je, in kuma sami dalilin fasawa. Tsoron idonsa nake yi, ba wani abu ba.

Ana nan sai mai tabarau ya ce in kawo masa tef ɗin nan a sa a rediyo, har da labarin yadda aka yi dariya, wai zai ƙayatar. A nan ne na ji ba zan iya ba. Na dawo shago na zauna gaban rikoda na ce wannan tef shi ne ya jawo komai, ba zan bari a ƙara tozarta dattijo da shi ba. Na zare makirufo, na danna jan maɓalli, na bar zaren ya zagaya daga farko har ƙarshe. Na mayar na saurara, ba komai sai huci. Wallahi a ranar ji na yi kamar na yi wani babban aikin kirki. Na gaya wa mahaifiyarku ina jiran yabo, ta dube ni ta ce tef bai yi wa kowa laifi ba, kuma har yanzu ban je Ɗankaza ba.

Sai da damina ta faɗi na je, shi ma don an gaya mini ba shi da lafiya. Na same shi a zaure a kan tabarma, an jingina shi da bango. Ɓarin jikinsa na dama ya shanye, hannun yana kwance a cinyarsa, bakin ya ɗan karkace amma ana gane maganarsa. Kalangun yana rataye a ƙusa, fatar ta saki. Na durƙusa na gaishe shi, ya amsa gaisuwar duka, ya tambayi Inna, ya tambayi 'yarsa. Na fara ba da haƙuri ina kame-kame, hawaye suka zo mini. Ya ɗaga hannun hagu ya tsayar da ni.

"Bar wannan, Sani. Na ji zafi, ba zan ɓoye maka ba. Amma na je na buga wa Alhaji takensa a gida har ƙarshe kafin abin nan ya same ni, sai da na gama ya zauna. Kai kuma yaro ne, na yafe tuntuni."

Na ce na gode, na gode. Ina shirin in gaya masa abin kirkin da na yi, sai ya riga ni.

"Dama ina ta so a aika maka. Wannan zaren naka na ranar Talata. Ka ga hannun ya tafi, ba zai dawo ba. Jikokina ba su san ni da komai ba sai zaman zaure, na waje kuma suna gaya musu wai akwati ne yake yi mini. Ka kawo mana shi ranar da ka sami hali, su ji, ni ma in ƙara ji sau ɗaya. Kai ka san ranar ba akwati ba ne."

Yana kallona da idon nan nasa, yana jira, har da ɗan murmushi a gefen bakin da yake motsi. Ya kamata in faɗa masa gaskiya, ko ita ce kaɗai abin da ya rage in ba shi. Ban iya ba. Na sunkuyar da kai na ce, "To Baba, in sha Allahu ranar Talata."

Ya ce, "Madalla. Zan sa a share zauren."